Kwanon da Nake Kai wa Malama

Da wace irin zuciya uwar waccan malama ta bar ta ta taho garinmu? Tun ina yarinya nake ɗauke da wannan tambaya, yau ga ni da furfura, mijina yana ƙasa, ban samu amsarta ba. Da can tambaya ce da nake juyawa a rai ina tsintar shinkafa. Yanzu ta zo ta zauna mini a ƙirji.

Ni ban iya rubutu ba. Jikata ce ke riƙe da biro, ina faɗa tana rubutawa, muna zaune a inuwar dogon yaro a gidanmu na unguwar Badariya a Birnin Kebbi. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada kuma ta tsaya ko me ta ji. Tun aka yaye ta aka kawo mana ita, ni da maigida muka riƙe ta. Ta yi karatu ta zama malamar makaranta, sai ta nemi a tura ta aikin sa kai, koyarwa ta shekara biyu a wata ƙasa mai nisa can bakin teku, inda ba a jin Hausa. Aka ɗauke ta. Takardar ta iso maigida yana kwance ba lafiya, ba a daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Masu aikin sun yi mata uzurin rasuwa har na fita takaba, amma Litinin mai zuwa dole ta ce musu e ko a'a. Iyayenta sun amince. Ita ce ta ce ba inda za ta taka sai ta ji daga bakina. Ni kuwa duk ranar da ta tayar da zancen sai in ce kaina ke ciwo.

Yau ba ya ciwo. Amma sai na fara ba ku labarin kwano.

A Argungu aka haife ni, gidanmu ba nisa da gulbi. Babanmu masunci ne, kuma yana da gonar shinkafa a fadama. Gidan nan kullum ƙamshin hayaƙin bandar kifi yake, har tufafinmu, har gashin kanmu. Kakarmu, uwar babanmu, ita ke riƙe da gidan. Ba a kwashe tuwo sai tana zaune, ita ke cewa wannan malmala ta wane ce, waccan ta wane.

Ban san shekaruna ba a lokacin, amma haƙorana na gaba sun riga sun sake fitowa. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, shinkafa ta yi ja, tsuntsaye sun hana kowa sakat, sai wata mota ta sauke baturiya a bakin makarantar unguwarmu. Budurwa ce siririya, rana ta gasa mata fuska, da akwati ɗaya da keke. Aka ce ta zo koyar da 'yan mata, kuma wai ba wanda ya tilasta ta, ita ta ce a kawo ta. Kaka ta ji haka ta riƙe haɓa.

“To mi ta yi musu can gida da sunka koro ta?”

Aka sauke ta a wani ɗan gida na malamai da ke kallon katangarmu. Kaka ta ce mace ita kaɗai, ba uwa ba murhu, ba za a ce ta kwana da yunwa a unguwarmu ba. Kullum kafin magariba a kai mata tuwo.

A wajenmu baƙo ba ya cinye abin da aka kai masa. Yana ci ya rage. Ragowar nan ita ke gaya wa masu gida ya ƙoshi, kuma ita ce rabon yaron da ya ɗauko kwano. Shi ya sa sai da na yi kokawa da ƙanwata kafin aiken ya zama nawa. Ranar farko tuwon shinkafa ne da miyar kuka, kaka ta ɗora yankan giwan ruwa mai kauri a kai. Na ɗauka na tafi ina haɗiyar miyau, na riga na san wane gefen kifin za a bar mini.

Da na koma ɗauka, ta miƙo mini kwano tas, wankakke, har yana ƙamshin sabulu. Ta yi mini murmushi. Ni ban yi mata ba.

Kaka ta karɓi kwanon ta juya shi, ta leƙa ciki kamar wani abu zai faɗo. Ta ce, “Wagga ɗiya ba ta ƙoshi ba.” Washegari aka ƙara malmala. Ya dawo tas. Aka bar ƙaramin kwano aka koma akushi, ya dawo tas. Aka sauko da babbar langar da ba a taɓawa sai ranar suna. Matan gida suka samu abin hira, matar baffana tana cewa ita dai tana son ta san inda wannan sillen kara ke kai tuwon mutum huɗu. Ni kuma haushi ya cika ni, kullum in ɗauki kaya har wuyana ya ƙage, in dawo ba ko loma. Sai na fara ƙari a kan abin da na gani. Na ce wa kaka baturiya tana leƙen bayana ko na zo da wani kwanon. Na ce ta tambaye ni ko da saura a tukunya. Ba ta taɓa tambaya ba. Allah ya yafe mini, ni na ƙaga.

Aka yi kamar mako uku a haka. Ran nan shugaban makarantar ya yi sallama da babanmu a zaure, ya ce malama ba ta da lafiya, cikinta ya dame ta, ba ta iya tsayuwa a aji da safe, har ta fara zancen ko za ta koma. In kuwa ta koma, ajin 'yan mata ya mutu, don ba wata mace da za ta riƙe shi, kuma iyaye ba za su ba namiji 'ya'yansu ba. Da babanmu ya shigo ya faɗa, kaka ko tunani ba ta yi ba.

“Yunwa ta! Ku ƙara mata.”

Ranar sai da aka yi mini gammo. Na kai na dawo, ban jima ba innarmu ta ce in koma in karɓo langar da wuri za ta jiƙa gero. Na tarar da asabarin ƙofar a sake, na leƙa ta gefe. Malama tana zaune a tabarma, langa a gabanta, ko rabi ba ta ci ba. Ta kwance ɗamarar rigarta. Fuskarta sharkaf, ban san wanne ne gumi wanne ne hawaye ba. Sai ta ɗebo cokali ɗaya, ta rufe ido, ta haɗiye, ta kora da ruwa, ta dafe ciki ta huta, sannan ta sake ɗebowa. Na daɗe a tsaye. Da ta gan ni sai ta yi maza ta share fuska ta yi murmushin nan nata, ta faɗi 'yar Hausar da ta iya.

“Da daɗi. Na gode. Da daɗi.”

Ta kuma ɗaga cokali.

Da gudu na koma gida na gaya wa kaka abin da na gani, na haɗa da ƙaryar da na yi ta yi. Ta murɗe mini kunne, murɗar da har yau in na taɓa shi nake tunawa. Sannan ta sake ni ta tafa hannu.

“Inna lillahi! Ashe kashe ɗiyar mutane muka da tuwo.”

Kaka ba ta fita sai gaisuwar mutuwa, amma ranar ta yafa zanenta ta ce in wuce gaba. Ta shiga ɗakin ba ta jira an ce ta shigo ba, ta zauna, ta wanke hannu, ta sa a langa. Ta yi loma uku a natse, ta tsaya, ta shafa ciki, ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi, ta turo mini langar. Ta janyo ta, ta mayar gaban malama, ta sake turo mini. Malama ta dubi kaka, ta dube ni, ni kuwa na riga na kai hannu kan kifi. Can sai na ga idonta ya buɗe. Ta ajiye cokali a hankali, ta sa hannu biyu ta turo mini langar har ta bugi gwiwata. Sai dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta kwanta a tabarma, kaka na taya ta. Ban san lokacin da dariyar ta koma kuka ba. Kaka ta jawo kanta ta ɗora a cinya kamar yadda take yi mana, tana bubbuga bayanta.

“Yi shiru, ɗiyata. Yi shiru, laifinmu na.”

Sai bayan bakinta ya buɗe da Hausa ta gaya mana dalili. Ta ce uwarta ta ga yunwa lokacin yaƙi, ta tashe ta a kan cewa barin abinci a kwano cin fuska ne ga wadda ta dafa. Kullum ta ga langa ta ƙaru sai gabanta ya faɗi, amma tana jin tsoron ɓata ran tsohuwar da ba ta taɓa gani ba.

Ba ta koma ba. Ta yi shekara biyu da 'yan watanni, aka koma ƙaramin kwano, kuma ba ranar da ba ta rage mini ba. Ajin ya cika. Ƙanwata a nan ta fara, ita ce ta zama unguwarzoma a asibiti, rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo. Ni ma malama ta zo nemana, babanmu ya yarda, na je kwana huɗu na gudu gulbi, zaman benci ya fi ƙarfina. Ba wanda ya hana ni karatu, ni na hana kaina. Abin da na yi dai, ni na koya mata sunayen kifi, da yadda ake gaida tsofaffi a durƙushe.

Ranar da za ta tafi, da bazara ce, zafi kamar a gasa mutum, ta shigo sallama ta nuna wa kaka hoton uwarta. Wata dattijuwa ce tsaye a bakin ƙofa, ta haɗa hannuwa a ciki. Kaka ta daɗe tana kallo, ta tambaya ko 'ya'ya nawa gare ta. Malama ta ce ita kaɗai ce. Kaka ta tashi ta ɗauko ƙaramin kwanon nan ta sa mata a hannu, ta ce ta kai wa uwarta, ta gaya mata mun ga amanarta, ga ta mun mayar. A nan tambayar nan ta shige ni. Ɗiya ɗaya tak, ta bar ta ta haye teku.

Maigida ɗan kasuwar albasa ne, shi ya kawo ni Birnin Kebbi. Ina amarya na ba shi wannan labari, ya yi dariya har ya ƙware. Tun daga ranar bai sake cinye abincin da na kai masa ba. Sai ya ci ya turo mini, ya ce, “Rabon mai ɗauko kwano.” Ko shekarar da ruwa ya cinye shinkafar fadama, tuwo ya yi ƙaranci a gidan nan, sai ya rage. Yanzu in na zuba abinci sai in tsaya ina kallonsa. Ba mai turo mini. Ina kuka, ba na ɓoyewa, ku ma ku sani ina kuka.

Duniya ta sake. 'Yan mata na cika keke napep zuwa makarantu har Gwadangaji ba mai juyowa ya kalle su, kuma an ce ko mutum yana bayan teku ana ganin fuskarsa a waya. Uwar malama ba ta samu wannan ba, wasiƙa take jira wata da watanni. Na ɗauka kai kwano ya mutu, sai da na shiga takaba. Maƙwabciyarmu 'yar kudu, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, ba ranar da ba ta aiko mini da abinci ba.

Saura abin da na ɓoye. Ranar da maigida zai rasu, bayan azahar, jikata ta fita karɓo magani, daga ni sai shi. Na kawo masa kunu ya kurɓa sau biyu ya turo mini. Sannan ya yi magana a kan takardar nan. Ba wanda ya ji sai ni, ni kuma na haɗiye, wata biyar ke nan, don ina tsoron gidan nan ba shi ba ita.

Ke mai rubutu, na ga hannunki ya tsaya. Share idonki ki ci gaba, mun yi da ke. Ki yafe mini. Litinin ki ce musu e. Na yarda, da bakina, Allah ya kai ki lafiya ya dawo mana da ke. In kin isa, kafin ki ci abincin kowa, ki tambaya ko ragewa suke yi ko cinyewa. Har yanzu ban san da wace zuciya waccan uwa ta yi ba, amma ga shi zan yi da tawa.

Rubuta yadda ya faɗa, kada ki ƙara ko ki rage. Ya riƙe hannuna a kan kwanon kunun, ya ce:

“Hajiya, ki bar yarinyar nan ta tafi. Can ma akwai wata tsohuwa tana jiran ta da kwano.”