Zuwa Saint-Fons neman sunan uban kakanmu

La Courneuve

Ranar Alhamis, ƙarfe biyar da minti goma na asuba na fita gida, bayan na buɗe jaka sau uku ina duba takardar. Asabar za a raɗa sunan jikana. Ɗana Sani ya ce sunan mahaifin kakanmu Abdu Tafinta yake so, wanda ya yi wa nasara aiki a Damagaram farkon zuwansu. To, marigayi babana kullum Abdu ɗan Isa yake cewa. Takardar aikin Tafinta kuwa, mai hatimin nasara, ta ce Abdu ɗan Habu. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma wannan na iya karanta shi. Kwana biyar liman yana tambaya ina ce masa gobe. Tsorona in sa wa yaro sunan wanda ba kakansa ba, ya girma da kuskurena.

Gare de Lyon

Na sauya jirgi a Gare du Nord, na iso saura minti arba'in. Na sayi kofi yuro biyu da rabi, ban iya sha ba. Jirgi ya tashi bakwai daidai. Da mai duba tike ya zo, garin sauri takardar kakana na miƙa masa. Ya yi murmushi ya ce wannan ta daɗe da ƙarewa. Awa biyu ina zaune ina tunanin Gwaggo Baraka, autar Tafinta, wadda ita kaɗai ta rage, wurinta kuwa na nufa. An ce mantuwa ta fara kama ta. Idan ba ta gane ni ba fa?

Lyon

Tara da 'yan mintoci muka sauka tashar Part-Dieu. Ɗanta Lawali, taubashina, ya zo da mota, da rigar aikin masana'anta a jikinsa.

"Musa sarkin damuwa! Tun daga Paris saboda suna ɗaya? Telefon ɗinka ya mutu ne?"

"Maganar asali ba ta telefon ba ce. Tana cikin hankalinta?"

"Ta fi ka. Jiya ma ta tuna ka taɓa kuka don akuya ta kalle ka."

Saint-Fons

Minti ashirin muka isa. Na durƙusa na gaishe ta, muka daɗe muna gaisuwa, ta hana ni magana sai da na ci dambu. Sannan na karanta mata takardar.

"Gwaggo, Isa ne ko Habu? Wa ya yi kuskure, Baba ko nasara?"

"Ba wanda ya yi kuskure. Isa ya haife shi. Ɗan fari ne, ranar yaye aka kai shi gidan Habu, wan Isa. Da nasara ya tambayi sunan uba, Isa na tsaye a wurin. Ka taɓa ganin mutum ya buɗe baki gaban wansa ya ce ɗan farinsa nasa ne? Ya sunkuyar da kai, ya nuna Habu."

Na ce, "To amma akwai wata takarda da ta tabbatar?"

Lawali ya fashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta miƙo hannu.

"Kawo katinka na zama ƙasar nan. Lawali, karanta."

"Musa Ibrahim."

"Wane ne Ibrahim?"

Sunan babana Garba. Ibrahim wansa ne, shi ya riƙe ni, shi ya kai ni lakwal karatun boko, shi malamin ya rubuta. Shekara talatin katin yana aljihuna, ban taɓa haɗa shi da takardar kakana ba.

"Ga takardarka nan," in ji ta. "Ku sa Isa. Amma ranar suna a yi wa Habu addu'a da babbar murya, shi ya sha wahala."

Komawa

Na hau jirgin ƙarfe uku. Muna tafiya na kira liman na ce Isa, na sake kiransa don in tabbatar ya ji. Na ce kuma sunaye biyu zai ƙara a addu'a, Habu da Ibrahim.

Shida da rabi na buɗe ƙofa. Sani ya miƙo mini jinjirin. Ɗan farinsa ne, amma sai da ya fara rungume shi yana sumbatarsa a gabana ba kunya. Na yi niyyar magana, sai na fasa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Gwaggo Baraka, Allah ya ƙara miki kwana. Lawali kuma, maganar akuya ƙarya ce, rago ne.