Kebul Ɗina Ya Tafi Warra

Tun safe nake zufa gaban kwamfuta, ta ƙi samun adireshi daga rawuta, na'urar da ke ba ta intanet, ga shi yau za a rufe karɓar takardun neman aikin ƙanwata. Na kashe na kunna, na tsine wa kamfanin sadarwa. Ni da duk unguwarmu a Yelwa ke kira Injiniya!

Da ƙyar na leƙa bayan tebur. Babu kebul. Na ƙwala wa matata kira.

"Maman Sadiya, ina shuɗin kebul ɗin nan?"

"Wanda ka ɗamre kwandon bandar kifin Inna da shi jiya? Har kana yabon ƙwarinai. Ai ya bi kwandon zuwa garin Warra."

Na ce ta rufa min asiri, kada ƙanwata ta ji. Ashe tana bakin ƙofa.

Jama'a, Injiniya ya yi murabus. Wane suna ya dace da ni yanzu?