Ƙwallon Aduwa Guda a Ƙwarya

A ƙauyenmu na wajen Gaffati, idan aka gama kai gero rumbu sanyi ya fara shigowa, kakata Dije takan hura wutar kara a bakin ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu jikoki mu kewaye ta, ta binne gyaɗa a toka mai zafi tana juyawa da tsinke. Gyaɗar nan ba ta kyauta ba ce. Sai an gama tatsuniya ta yi tambaya, wanda ya gamsar da ita shi ke samun cikin hannu. Ni ta fi tsokana, don sunan mijinta aka sa mini.

"Maigida, matso kusa," in ji ta, "ko da yake tun da na aure ka ko sabulu ban gani ba."

Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga ta can tafe, wa zai ba ta tabarma?" Mu amsa, "Ta zo ta zauna!"

Wadda ta fi zama a kaina ita ce ta makauniyar bakin shinge. A wani gari, awakin mutane duka garke ɗaya ne, kuma ƙofar shingensu ƙarama ce, sai akuya ɗaya-ɗaya. Wata tsohuwa makauniya ke zama a wurin da ƙwarya. Da safe, duk akuyar da ta gogi gwiwarta ta fita, sai ta jefa ƙwallon aduwa guda a ƙwaryar. Da yamma, duk wadda ta shigo, sai ta cire guda. Ƙidayarta ba ta wuce yatsun hannu ba.

Sai wani bafatake ya sauka garin, mutum mai ƙidaya kamar ruwan sama. Ya yi wa tsohuwa dariya, mai gari ya ba shi aikin. Da safe ya ƙirga sittin. Kullum da yamma sai ya hau kan turmi ya watsa ido, ya ce, "Sittin cif!" Ita kuwa tsohuwa ba ta bar wurinta ba. Wata rana ya ce sittin cif, sai ta girgiza ƙwarya. A nan Kaka takan girgiza tata ƙwaryar, mu ji ƙwas-ƙwas.

"To ɗan nan," in ji makauniyar, "wannan ƙwallon na wace ce?"

Bafatake ya sake ƙirgawa ya sami sittin da ɗaya, ya kuma ya sami hamsin da tara, don awaki ba su tsayawa a ƙirga su. Mai gari ya sa aka fita nema. Aka tarar da jar akuya ta maƙale a sarƙaƙiya, ga sawun kura a kusa.

"Shi ya san amsa tun safe," in ji Kaka, "idonsa ya riƙa ba shi abin da yake so. Tatsuniya ta naɗe tabarma, ta bar mana toka. To, awaki nawa garin ke da su?"

Na yi tsalle na ce, "Sittin!"

"Ina ƙwallonka?"

"Ke kika faɗa!"

"Na ce bafatake ya faɗa. Kai ma ka hau turmi, maigida." Ranar ban ci gyaɗa ba.

Daga nan maganar ta zauna a gidanmu. In ka ce za a yi ruwa, sai Kaka ta ce ina ƙwallonka, sai ka nuna mata hadarin gabas ko tururuwa na kwasar ƙwai.

Ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Na zo Zinder na koyi gini, na yi aure, furfura ta fito kafin na sayi kaye da bik, wato littafin rubutu da alƙalami, na shiga karatun manya. A shekarar ce ƴata ta fari, Barira, ta ci bak, jarrabawar gama lise wato sakandare, ta shiga jami'a karatun lissafi, na shekara uku. Maƙwabta suka yi ta mamaki. Wani abokin aikina ya ce, "Malam Ilu, shekara uku ana ƙidaya, ai sai lambobin su ƙare."

Bayan jarrabawar farko, na dawo daga aiki da la'asar na tarar da ita a gindin dalbejiya, abinci a rufe a gabanta.

"Baba, bari zan yi. Ba ni da kan wannan karatu."

Yarinyar da ke zuwa ta ɗaya a lise, ga ta da shida bisa ashirin. Na zauna na ce ta faɗa mini tambaya guda daga ciki.

"Wai in nuna cewa kowace lamba, in aka ninka ta da sifiri, sifiri take bayarwa."

"Haba! Ai ko ni da na fara shekaranjiya na san wannan."

"Abin da na rubuta ke nan. Na ce a fili yake."

"Sai mushen naku, malamin nan, ya ce me?"

"Ya ja da jan bik, ya rubuta a gefe: ta yaya kika sani?"

Dariya ta kama ni har hulata ta faɗi. Uwarta Rabi ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, yarinya na kuka kana dariya?"

"Rabi, Kaka Dije ce ta tashi ta kama koyarwa a jami'a!"

Na ba Barira labarin makauniya, har da girgiza kwanon sha. Da farko fuskarta a ɗaure. Da na zo wurin ƙwallon da ya rage, sai na ga ta ɗaga kai.

"Baba, tsohuwar nan ba ƙidaya ta yi ba. Ta haɗa kowace akuya da ƙwallonta, ba ragi ba ƙari. Wallahi shi muke karantawa a watan nan, da wani dogon suna na Faransanci."

"To kin gani. Ke a lise kan turmi kika saba hawa, kuma amsarki na fitowa daidai. Wannan mushen ba amsa yake nema ba, ƙwallonki yake so ya ji."

Can ta jawo kwanon abinci. Muka yi alkawari za ta zauna jarrabawar zagaye na biyu, in ta faɗi sai mu sake magana.

Wata guda bangon zaure ya zama allonta, duk alli. Wata rana ta kira ni ta nuna mini maganar sifirin nan, layi biyar. Ban gane duka ba, amma na ga abin da magini ke gani: kowane layi a kan na ƙasansa yake zaune, babu bulon da aka ɗora a kan iska.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan dariyar mai girman kai ce kawai. Yanzu na gane tsohuwar ba ta fi bafatake sani ba, ita ko sittin ba ta sani. Abin da ta fi shi, tana da abin da za ta girgiza kowa ya ji da kunnensa. Barira yau tana shekara ta uku, amma ni ranar sakamakon zagaye na biyun nan ba ta fita raina ba.

Ina kan gini sai ga ta ta sauko daga kabu-kabu tana ɗaga hannu.

"Baba, na ci!"

Na sauko, na goge siminti a wandona, na haɗe fuska.

"Ina ƙwallonki?"

Ta zaro takarda daga jaka ta miƙo. Ban ce ta karanta mini ba. Na ɗora yatsa, na bi harafi ɗaya-ɗaya kamar awaki a bakin shinge, har na haɗa sunanta da kaina. A gabansa sha uku bisa ashirin.

A hanyar gida na saya mata gyaɗa cikin hannu biyu.