Ranar da dattawa suka zo kallon ƙwallo

Ƙwallon da muka buga a Lyon a shekarun nan ba wadda kowa ya sani ba ce. Wasan mutanen Ostireliya ne. Ita kanta ƙwallon siffar gwanda gare ta, in ta faɗi ƙasa ita ma ba ta san inda za ta nufa ba, balle kai. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: ka zura ta tsakanin na tsakiya maki shida, ka kauce gefe maki ɗaya. Wanda kuma ya cafke ta a sama bayan an harbo, sai alƙali ya busa, kowa ya ja da baya, ya harba abinsa ba mai taɓa shi.

Abokina ne ya ja ni ciki. Ɗan Tahoua ne, ni na Damagaram, ɗaki ɗaya muke a unguwar Minguettes, can sama inda lif ɗin ke kaiwa ranar da ya ga dama. Wani ɗan Ostireliya a ɗakin binciken kimiyya da suke aiki ya ga tsawonsa, ya ce asara ce a bar wannan yana leƙen kwalabe. Ni kuwa an ɗauke ni ne don mutane ba su cika ba. Gajere ne ni amma ina da gudu, ga tsoron a danne ni, sai abin ya zo daidai.

A shekarar da nake magana, wasanmu na kusa da na ƙarshe a Paris ya faɗo. In mun ci mu shiga final, in an ci mu kowa ya naɗe rigarsa sai baɗi. Da sassafe ina ƙasan bene ina jiran motar da za ta kwashe mu, sai wayata ta yi ƙara. Alhaji ne, wani dattijo mai shagon atamfa a unguwar Goutte d'Or ta Paris, ɗan garinsu abokina, wanda duk ɗan Tahoua da ya sauka Faransa a hannunsa yake fara cin tuwo. Bai taɓa kirana ba. Ya gajarta gaisuwa, abin da ba halinsa ba.

"Shina kusa da kai?"

"Yana sama, Alhaji, yana neman takalminsa."

"To saurara, ɗana. Innatai ta rasu da asuba. Ana jiran wanta shi iso daga Konni, sai bayan azahar za a kai ta. Kada ka hwaɗa mishi."

Na yi salati. Na ce to wasan fa?

"Ko yanzu yaj ji, jirgi ba shi kai shi. Ba a ba mutum wannan labari bisa hanya, cikin baƙi. Shi ci abinci, shi gama abin da yak kawo shi, in an tashi ka kawo min shi butik in zaunar da shi. Ka amshe talho nai."

Ban yi gardama ba, don haka na taso na ga ana yi. A wurinmu rasuwar uwa ba a jefa wa mutum ita ta waya kamar labarin kasuwa. Babba ake nema ya je da ƙafarsa, a zaunar da mutum, a yi ta kewaye har zuciyarsa ta shirya. Aikina ɗaya ne ranar: in kai shi shagon Alhaji bai ji daga bakin kowa ba.

Da ya sauko na ce wayata ba kati, ya ba ni aron tasa. Na kashe ta na jefa a jakata. Hanyar Paris ban taɓa ganin tsawonta kamar ranar ba. Yana gefena gwiwoyinsa sun tokare kujerar gaba, yana ta tsokanar direba, yana ɓare ayaba yana miƙo mini. Ya dube ni ya ce, "Kai, mi as same ka? Tsoron 'yan Paris ne? Mange, ci abinka, ba su kashe ka." Na karɓa na ci, ban ji ɗanɗanonta ba. Na ji haushinsa ma, don me zai zaɓi yau ya yi ta fara'a.

Filin na rugby ne aka ara, a bayan gari, an ɗaura sandunan gefe da igiya. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi taɓo. 'Yan kallo ba su wuce matan 'yan wasa da karnukansu ba. 'Yan Paris suka fara yi mana ruwan maki, sannan abokina ya farka. Ban taɓa ganinsa haka ba. Duk ƙwallon da ta tashi sama tasa ce, sai ka ga hannuwa biyu baƙaƙe sun fito saman kawunan mutane sun ɗauke ta. Da aka je hutun rabin lokaci na duba agogo, na cire awa ɗaya da ke tsakaninmu da gida, na san yanzu ne ake jera sahu a ƙofar gidansu. Shi yana zaune a ciyawa yana tsotsar lemo, mai horar da mu yana bubbuga masa kafaɗa. Na juya baya na karanta abin da na iya.

A zagaye na ƙarshe suna gabanmu da maki kaɗan, ƙwallo ɗaya ta tsakiya ta ishe mu. Ni na same ta a gefe, na harba ta sama ido rufe don wani ƙato ya taso mini. Abokina ya tashi ya cafke ta daf da sandunansu. Alƙali ya busa. 'Yan wajenmu suka ɗauki ihu, don daga nan ko yaro ba zai kuskure ba.

Ya ja da baya, ya goge hannu a wando, ya ɗaga kai ya saita sanduna. Sai ya tsaya.

A bayan sandunan, cikin taɓo, dattawa uku ne a tsaye da manyan riguna da huluna. Alhaji a tsakiya, limamin da suke sallah tare, da wani ma'aikacin ofishin jakadancinmu. Daga baya Alhaji ya ce mini zama ne ya gagare shi. Ya ga bai dace ya zauna a shago a kawo masa maraya kamar kaya ba, mai ta'aziyya shi ke tattaki. Da kyakkyawar niyya suka zo, har suka tsaya nesa wai kada su dame shi. Amma wane ɗan Nijar ne a ƙasar waje zai ga dattawa uku sun zo wurinsa tare, ba biki ba suna, bai gane ba? Alhajin da ke kiran wasan nan haukan Nasara?

Abokina ya dube su, ya waiwayo ya nemo ni cikin mutane. Na sunkuyar da kai. Ya ajiye ƙwallon a ƙasa a hankali, ya bi ta tsakanin sandunan ya fita. Ana ta kiransa da Faransanci da Turanci, har aka busa tashi. An ci mu, ban kuma damu ba ko kaɗan.

Na iske shi durƙushe gaban Alhaji, da gajeren wando da riga marar hannu, taɓo har wuya.

"Wa ar rasu, Baba?"

Alhaji ya fara da cewa dukkanmu masu tafiya ne.

"Baba, wa ar rasu?"

"Innakka ta, ɗana."

Abokina ya yi salati sau ɗaya. Ya ce, "An kai ta?"

"An kai ta bayan azahar."

Liman ya cire babbar rigarsa ya yafa masa. Sannan abokina ya juyo ya ce da ni, ba da faɗa ba, "Da ka bari na san lokacin. Ko bakin hanya ne sai in tsaya in yi mata addu'a tare da su." Iyakar abin da ya ce ke nan, bai kuma sake tayar da maganar ba. Ƙwallon ma bai sake taɓa ta ba.

Shekaru suka wuce, na yi aure na koma unguwar Vaulx-en-Velin, shi yana aiki a wani gefen Lyon. Wata ranar aiki da hantsi aka danna ƙararrawar gidana. Na buɗe na gan shi shi kaɗai, yana haki, ya hawo matakala da gudu, ko hula babu. Bai gaishe ni ba, bai ce in zauna ba.

"Babanka ne ya rasu," ya ce. "Ba a kai shi ba tukuna. Tashi ka yi alwala."