Ragon Layya a Kujerar Darekta

Jama'a, yau na naɗa rago shugaban lakwal, wato makaranta!

Ni ke kula da shafin intanet na makarantarmu a Kirkissoye. Tun Tabaski, Babbar Sallah, na saita shi: duk labarin da ba foto, hoton ragon layya ya fito. Na manta ban canza ba. Da safe sakatariya ta buga "Ga sabon darektanmu", ba foto. Sai ga ƙaho!

Darekta ya kira ni buro, wato ofishinsa, takardar gargaɗi a gabansa. "Malam Isufu, wannan ni ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, sati biyu ina binka da kamara kana ƙi. Na'ura ba ta barin kujera fanko."

Ya ture takardar gefe, ya gyara hula. "To, ɗauki hoton."