Maɓallan Gonar Thrower

Desmond Howlett ya shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a ƙauyukan Norfolk, ba wanda ya taɓa neman ra'ayinsa sai dai a tambaye shi ko za a yi ruwa. Da ya yi ritaya ya sayi na'urar gano ƙarfe, ya bar wa masu neman zinariya zinariyarsu, shi ya kama tsofaffin maɓallai. Kuma kar a ci haƙƙinsa, ya iya. Ka miƙa masa maɓalli duk laka, zai tofa masa yawu ya murza, ya juya bayansa ya duba kunnen zaren da sunan maƙerin, ya faɗa maka shekarunsa.

Gonar Thrower ce ta ja masa. A kaka ɗaya ya tono maɓallan soja fiye da sittin a cikinta, ya ce lallai a nan aka kafa sansani zamanin da ake tsoron Faransawa za su ƙetaro teku da yaƙi. Ƙauyen da bai taɓa samun abin alfahari ba sai gasar kabewa, nan da nan ya ɗauki maganar. Aka kira shi ya yi jawabi a zauren coci, aka tafa masa, aka sa wata Asabar ta zama ranar kafa allon tagulla a bakin gonar, da sunansa a ƙasa.

Abin da bai faɗa ba shi ne, da ya ci gaba da tono sai ga maɓallan da ba su dace ba: na ma'aikatan jirgin ƙasa, na 'yan sanda, da na soja waɗanda aka ƙera shekara ɗari bayan wancan zamanin. Ya gane su sarai. Ya zuba su a gwangwanin biskit ya tura bayan tukwanen fenti, don tafin nan ya yi masa daɗi.

Saura mako guda, ya kai wa mai gonar, Enid Thrower, takardar gayyata. Tsohuwar, mai shekara casa'in da ɗaya, ta zuba masa shayi, ta ce tana yarinya babanta kan sayo tsummokara daga birni, cike da keken doki guda, tsofaffin rigunan soja da na ma'aikata, a yayyaga su a watsa a gonar su zama taki. Yadin ya ruɓe, maɓallan suka rage. Haka kakanta ma ya yi.

"Ni ba zan faɗa wa kowa ba, Des," in ji ta. "Kai ne masanin. Wa zai saurari tsohuwa?"

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Kunya ta rufe shi.

Ranar taron kwamitin kafa allon ya juye gwangwanin a kan tebur, ya jera maɓallan daga tsoho zuwa sabo, ya faɗi gaskiya duka, har da ɓoyewar. Ba wanda ya yi masa faɗa. Shugaban kwamitin ya daɗe yana kallon allon da aka riga aka zana, sannan ya tambaye shi a hankali ko yana ganin za a yi ruwa ranar Asabar.