Goran da Na Fasa wa Iya Rifkatu

Da damanar bana shekara sittin da uku ke nan da rasuwar Iya Rifkatu, kuma sai yau na sami bakin ambaton sunanta a gaban jama'a. Ni ban yi boko ba. Jikata ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma hana ta gyara mini ko kalma ɗaya, ko da ta ga zancen ya zubar mini da girma.

Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi. An kawo ni Kaduna daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau, matar akawu guda, ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba. Muka kama ɗaki a gidan haya a Unguwar Shanu. Iya Rifkatu ce a ɗakin da ke kallon namu. Kirista ce daga kudu, mijinta masinja ne a ofishin da maigidana yake aiki. Ta haifi huɗu, ta binne huɗu.

A gidan na yi haihuwar fari, namiji. 'Yan yanzu ba za su gane ba, amma mu a wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, ba ki yi masa dariya a gan ki. A ƙauye wannan ba ya cutar da yaro, don akwai kaka da goggo masu cilla shi sama su cafe. A Kaduna kuwa ba ni da kowa. Na ɗauko kunyar, na baro kakannin a gida. Yaron ya kai wata goma yana zaune inda aka ajiye shi, ba rarrafe, ba gwalantu, sai kuka. Ubansa ya sayo masa motar gwangwani a kanti, na ɗora ta kan jeren kwanona don kada ta lalace.

Iya ce ta fara ɗaukarsa in na shiga madafa. Sai ta kife ƙwarya a tabarma, ta miƙa masa ludayi ya yi ta duka. Ta zuba goriba a kwando ya kwashe, ta mayar, ya sake kwashewa, ba ta gajiya. Ta rufe fuska da kallabi tana cewa, "Ina maigidana ya shiga? Af, ga shi nan!" Faifai ta riƙa mirginawa a tsakar gida, kullum ta ƙara nisa kaɗan, har ranar da ya kifa ya bi shi da rarrafe. Ta taɓa ce mini, "Amarya, yaro ba kaya yake so ba, mutum yake so." Na ji, na taɓe baki.

Da ta ga yau fa? A gidan ɗana da ke Hayin Banki na ga an jingina jariri da matashi, an manna masa waya a fuska, ya yi tsit kamar an ɗauke masa rai. Na san ba za ta yi faɗa ba, ba halinta ba ne. Za ta leƙa madafa ta ɗauko murfin tukunya da cokali ta zauna a ƙasa, a ga wanda zai ci tsakaninta da wayar.

Abin da ya ci mini rai a lokacin shi ne, in yaron ya gan ta sai ya miƙa hannu yana zillo, ni kuwa sai in yunwa ta kama shi. Ana nan ta yi masa kacau-kacau da ɗan gora, ta toshe bakin da ƙaro. Bai yarda ya rabu da shi ko a barci. Wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce, "Ke, matar da 'ya'ya ba sa zama a hannunta ta ba ɗanki abu a rufe, kin san me ke ciki?"

Rannan da hantsi, mata cike da tsakar gida, na fizge goran daga hannun yaron na ɗora wa goran taɓarya. Na ce bari kowa ya ga abin da aka ƙulla wa ɗan mutane. 'Ya'yan tsamiya ne suka watse. Ba laya, ba gashi, ba komai. Yaron ya tsala ihu, ya rarrafo wajensu. Iya ba ta dube ni ba. Ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ɗaga shi, amarya, kada ya haɗiye."

Magana zarar bunu ce. Na san na yi ɓarna tun kafin ta miƙe, amma matar akawu ta ba matar masinja haƙuri? Girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi har kunne. Wata huɗu muka ƙara a gidan ina sunkuyar da kai in mun haɗu a bakin rijiya. Daga nan muka sami gidan gwamnati muka tashi, ban yi mata sallama ba. Da damana ta zagayo aka ce ta rasu. Ko gaisuwa ban je ba.

Na haifi bakwai bayan wannan, dukansu da wasanninta na rene su. Na reni jikoki da 'ya'yan maƙwabta, har ana kawo mini yaron da ya ƙi rarrafe daga Rigasa, ana cewa Hajiya akwai hannun yara. Na karɓi yabon shekara da shekaru, ban taɓa cewa aro na yi ba.

Makon jiya na zaunar da yaron nan, ɗan farin nawa, da furfurarsa da jikokinsa, na faɗa masa duka. Da na gama, ya ce, "Hajiya, ina kabarinta?" Ban sani ba. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar hoto ba, kuma wadda za ta yafe mini ta riga ni tafiya. Abin da ya rage nata shi ne duk yaron da ya taɓa ƙyalƙyala dariya a tabarmata. Iyayensu su sani daga yau: ba ni za su gode wa ba.